Danshin Ɗakin Inna Uwani

Ranar da aka ɗaga tsohon masai a banɗakin Hafizu, mahaifiyarsa Inna Uwani na zaune a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, don haka duk abin da aka faɗa a kunnenta aka faɗe shi. Saura kwana huɗu sunan jaririn da Nusaiba matar Hafizu ta haifa, kuma maigidan ya rantse sai dangin matarsa na Katsina sun ga banɗaki irin na birni a Batsari. An shimfiɗa tayil mai ruwan toka, an kafa madubi, sabon masai na jingine cikin kwalinsa yana jiran a ɗora shi.

Ɗanjummai mai aikin famfo ya leƙo daga ƙofa, hannunsa duk siminti.

"Alhaji, zo ka gani da idonka."

Hafizu bai je Makka ba tukuna, amma tun da ya buɗe shagon takin zamani ake ce masa Alhaji, shi kuma bai taɓa gyara wa kowa ba. Ya tattare babbar riga ya shiga.

"Ka ga wannan zoben?" in ji Ɗanjummai. "Shi ke ɗamre gindin masai da bakin bututu. Ya tsage gida biyu. In na ɗora sabon masai bisa shi, duk wanda ya kora ruwa, rabi ya tahi rami, rabi ya bi ƙarƙashin daɓe."

"To mi za a yi?"

"A fasa tayil shida na kewaye, a sare siminti, a sa sabo. Babu irinshi nan garin, sai an aika Katsina. Kwana ukku in Allah ya so."

"Tayil ɗin da aka shimfiɗa jiya? Wanda babu ko ɗaya da ya rage? Baƙi su zo su iske banɗaki a farfashe? Laɓta mashi siminti ka ɗora abinka. Abin da ke ƙarƙashin tayil wa ke ganinshi?"

"Alhaji, bangon nan da ɗakin Inna ya haɗa fa, kuma ɗakinta ya fi gangare."

"Bayan suna sai a duba."

Inna Uwani ta ji, ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Hafizu ɗanta ne na fari, kuma tun da ta haife shi a Tsaskiya shekara arba'in da ɗaya da suka wuce ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. "Yaron nan" take ce masa, in kuma tana da magana sai ta bi ta bakin wani. Haka ta taso ta ga ana yi, kuma tana alfahari da hakan. Macen da ba ta iya ce wa ɗanta ya miƙo mata buta, ta ina za ta fara yi masa maganar inda yake kewayawa?

Aka yi suna, yaro ya ci Huzaifa. Banɗaki ya sha yabo fiye da jaririn, har da 'yanmatan da suka riƙa shiga suna ɗaukar hoto a gaban madubi. Ranar an kora ruwa a masai ɗin nan ya fi a ƙirga.

Kwana shida bayan haka Inna Uwani ta tashi sallar asuba, ta shimfiɗa dardumarta inda ta saba, gaban bangon gabas, sai ta ji sanyi a gwiwa. Da gari ya waye ta duba. Gindin bangon ya yi baƙi kamar an jiƙa shi da tsumma, siminti yana nasowa, ga wani wari da ba ya buƙatar a tambayi daga inda ya fito. Ta wanke dardumar sau uku, ta sake alwala, ta sake sallar, ranta a jagule.

Ta kira surukarta. "Ɗiyata, ki gaya ma yaron nan maganar mai famfo ta tabbata. Zo ki gani."

Nusaiba ta tsaya a bakin ƙofa da jariri a kafaɗa. Ta ja numfashi sau ɗaya, ta yamutsa fuska, amma idonta a kan katifa ya sauka, bai je bango ba.

"To Inna, zan faɗa mashi."

Da yamma ta kawo amsa tare da tuwo. Ya ce lokacin shigo da taki ne, damina ta matso, kansa ya ɗau zafi, a bari ya sarara. Mako na gaba amsar ta zama mai famfo ya yi tafiya. Na gaba da shi kuma aka ce ai duk tsohon ɗaki haka yake yi, ƙasa ce ke gumi. Ƙasa na gumi a tsakiyar bazara, lokacin da rijiyoyin Batsari ke ƙafewa! Inna Uwani ta ji wannan ta ce, "Haka ne," don ba ta da wata kalmar da za ta aika masa.

Danshin bai jira kowa ya sarara ba. Ya baro gindin bango ya ci taku ɗaya, ya ci biyu, ya kai ƙarƙashin katifa. Ta ja katifar zuwa bakin ƙofa. Ta sayi turaren wuta da kuɗin gyaɗarta, warin ya haɗu da ƙamshin ya zama wani abu da ya fi na farko muni.

Ana nan sai Ramlat maƙwabciyarsu ta shigo gaishe ta, kamar yadda ta saba kowace Juma'a. Ta durƙusa, ta fara "Ina wuni Inna, ya zafi," ba ta kai ƙarshen gaisuwar ba ta ja bakin mayafi ta rufe hanci. Ba ta zauna ba. Inna Uwani na jin ta a ƙofar kicin tana magana ƙasa-ƙasa, irin ƙasa-ƙasar da ake ji har zaure.

"Allah sarki, abin ya zo ke nan. Haka kakata ta yi kafin ta rasu, ba ta iya riƙewa. Sannu Nusaiba, kina da aiki."

Tsohuwar ta kasa kunne tana jiran surukarta ta ce a'a, bututu ne. Kalma biyu kacal. Amma faɗin haka yana nufin a ce banɗakin da duk layin ya zo kallo yoyo yake yi.

"Hmm," in ji Nusaiba. "Sai dai haƙuri."

Wannan "sai dai haƙuri" shi ya zama shaida. Kafin wata Juma'ar babu gidan da bai san Inna Uwani na fitsarin kwance ba.

Daga nan komai ta yi sai ya juya ya zama hujja a kanta. Ta fitar da katifa rana don danshin ƙasa ya kama ta, mata suka hango ta katanga suka gyaɗa kai. Ta riƙa wanke zannuwanta kullum don kada warin ɗakin ya bi ta, aka ce ga shi nan, kullum cikin wanki. Ta daina salla a ɗaki, don ba a kai goshi inda najasa ke nasowa, ta koma gindin bishiyar bedi da ke tsakar gida, a rana a inuwa. Aka ce ruɗewar tsufa ta fara, ga ɗaki an ba ta amma ta fi son waje.

Wanda ya fi ƙona mata rai shi ne Huzaifa. Da, kowace hantsi ana ajiye mata shi a cinya, tana yi masa wasan kaka da jika, tana ce masa mijinta mai rowa da bai taɓa kawo cefane ba. Yanzu in ta ce, "Kawo mini mijina," sai Nusaiba ta ce ya yi barci, alhali ga ƙafafunsa nan suna wutsil-wutsil a goye. Rannan ta miƙa hannu ta taɓa tafin ƙafarsa, tana kallo uwar ta faki ido ta goge wurin da gefen zani.

Wata la'asar Hafizu da kansa ya zo ƙofar ɗakin. Ya tsuguna daga waje, kai a sunkuye, yadda ya saba gaishe ta, ita kuma ta juya fuska gefe yadda ta saba amsawa. Ya tura wata baƙar leda ciki.

"Inna, ga kaya nan an kawo daga kemis. A riƙa amfani da su. Ba abin kunya ba ne, lalura ce, kowa na iya samun kanshi ciki."

Ta buɗe bakin ledar. Shimfiɗar roba ce, da ƙunzugun zamani irin na jarirai, amma na manya. Ita da ta yi wa yaron nan tsarki da hannunta a ɓoye, lokacin da kakarsa ba ta kallo, yau shi ke miƙo mata ƙunzugu a kan ƙazantar da ta fito daga ɗakinsa. Maganar ta taso har bakin harshe, shekara arba'in da ɗaya suka danne ta. Abin da ya iya fita kawai shi ne:

"Bangon..."

"Za a sake mashi fenti, Inna, kada ki damu."

Ya tashi ya kaɗe riga. Kada wani ya ce Hafizu ya manta abin da Ɗanjummai ya nuna masa. Bai manta ba. Ya dai auna ne ya ga shiga kemis ya fi fasa tayil sauƙi, kuma tun da mutane sun riga sun samo wa warin uwa, me zai sa ya tsaya neman ubansa? Ta ƙulle ledar, ta cusa ta can ƙasan akwatinta.

Ba a jima ba famfon kicin ya lalace, aka kira Ɗanjummai, wanda aka ce ya yi tafiya. Inna Uwani ta tare shi a zaure zai fita.

"Ɗan nan, kai ka san gaskiya. Ka ji abin da ake faɗa a kaina?"

Ya sauke jakar kayan aikinsa, ya rasa inda zai sa ido. "Na ji, Inna. Wallahi na faɗa mashi tun ran farko, ke ma kina zamne."

"To ka faɗa ma mutane."

"Inna, shi ya sama mini aikin gida ukku a layin nan. In na fita na ce aikin da na yi da hannuna yana yoyo, wa zai ƙara kirana? Ni ɗan aiki ne, abin da mai gida ya ce shi nike yi."

"Ni fa? Wa zai ƙara shiga ɗakina?"

"Allah ya ba da haƙuri, Inna."

Kowa haƙuri yake ba ta, kamar shi ne abin da ta rasa.

Sai ta yanke wata shawara irin ta wanda aka kai bango. In babu ruwa a cikinta, ai babu abin da za a ce ya fita. Ta daina shan koko da safe. Ruwa sai kurɓa uku bayan azahar, kurɓa uku bayan magariba, a cikin zafin da ke sa kaji buɗe baki. Leɓɓanta suka tsattsage, idanunta suka faɗa, in ta miƙe sai ƙasa ta juya mata. Tana yi tana jiran wani ya lura cewa tsohuwa ta bushe ƙayau amma ɗaki na nan jiƙe. Babu wanda ya lura, don babu mai shiga ɗakin. Abincinta ma a bakin ƙofa ake ajiyewa, cikin kwanon da aka ware mata.

Ranar wata Talata ta tayar da sallar azahar a gindin bedi, ta yi ruku'u, ba ta ɗago ba. A asibiti ta farka da allurar ƙarin ruwa a hannu. Ma'aikaciyar jinya na faɗa, tana tambayar yadda za a bar tsohuwa ta bushe haka a gida mai famfo.

"Rigimar tsufa ce," in ji Hafizu. "Babu abin da ba a ba ta."

Da yamma Atika ta iso daga Safana. Ita ce autar Inna Uwani, kuma tsakanin uwa da auta babu wani shamaki. Tsohuwar ta daɗe tana ɓoye mata don kada ta haɗa 'yan'uwa faɗa, amma da Atika ta riƙe hannunta ta ce, "Inna, mi ya hana ki shan ruwa?" sai komai ya zubo, tun daga zoben da ya tsage har zuwa baƙar leda.

Da aka sallame su Atika ba ta ko cire mayafi ba ta shiga ɗakin, ta dafa gindin bango, ta fito da tafin hannu a jiƙe ta nuna wa yayanta a tsakar gida.

"Yaya, wannan ma Inna ce ta yi? Kwana biyu tana asibiti!"

"Ke Atika, yaushe kika koyi aikin famfo? Abin da ya daɗe yana shiga siminti kwana biyu zai bushe? Ni nike ciyar da ita, ni na kai ta asibiti, kin zo da rana tsaka kina ɗaga mini murya gaban iyalina. In kin fi ni iya riƙo, ga ki ga ta."

"Na ɗauka."

"Dama irin wannan lalura sai ɗiya mace," in ji Nusaiba daga ƙofar kicin, a hankali, kamar mai ba da shawarar alheri.

Inna Uwani ta share ɗakin tas kafin ta fita, don kada a ce ta bar datti. Ta ɗauki akwatinta. Huzaifa na goye, ba a sauko da shi ba, ita ma ba ta roƙa ba.

A Safana ta riƙa kwana a tabarma ɗaya da jikokinta. Kowace safiya sai ta kira Atika ta ce ta taɓa shimfiɗar.

"Inna, na sani fa. Ba sai na taɓa ba."

"Taɓa dai."

Atika ta taɓa, ta ce a bushe take, sannan ta juya baya don kada uwar ta ga idonta.

Ba a rufa mako biyu ba sai ga Hafizu da burodi da lemo da turmin atamfa. Aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar ɗaki. Ya gaishe ta doguwar gaisuwa, ta amsa tana kallon gefe, Atika na zaune tsakaninsu.

"Inna, dama zuwa na yi a koma gida. An gyara ɗakin. Ashe bututu ne. Da kika taho na zuba buhunan taki a ciki, shago ya cika. Na je ɗiba na iske na ƙasa duk sun jiƙe sun dunƙule. Ran nan na sa aka fasa tayil, na tura mashin Katsina ya kawo zoben, kafin magariba an gama. Ɗanjummai ne bai yi aikin kirki ba tun farko, na yi mashi tas."

Ya faɗi haka da sakin fuska, irin na wanda ya kawo albishir yana jiran tukwici.

Inna Uwani ta ce wa Atika, "Tambaye shi, kwana nawa takin ya yi a ɗakin?"

"Tara," in ji Hafizu.

"Tambaye shi, ni wata nawa na yi?"

Atika ce ta amsa a madadinsa: "Ukku."

"Tambaye shi, ya gaya ma Ramlat? Ya gaya ma matan layi?"

"Haba Inna. Maganar banɗaki ce za a bi gida-gida da ita? Abin da ya wuce ya wuce. Mutane ma sun manta. In aka tono yanzu ni za a zaga, a ce na wulaƙanta uwata."

Tsohuwar ta jawo akwatinta, ta tono baƙar ledar nan daga ƙasa, ƙullinta na nan yadda ta yi shi. Sannan ta juyo gaba ɗaya, ta dube shi tsakiyar ido.

"Hafizu."

Ya zabura kamar an watsa masa ruwan zafi. Atika ta dafe baki. Sunan ya fito mata baƙo a harshe, amma ba ta tsaya ba.

"Shekara arba'in da ɗaya ina jin kunyarka, na ɗauka kai ma kana jin tawa. A kunnena mai famfo ya nuna maka zoben nan, ka ce abin da ke ƙarƙashin tayil wa ke gani. Ni na gani. Ni na kwana cikinshi, ni na bar salla a ɗakina saboda shi, ni aka hana ɗaukar jikana. Ga kayanka, duba, ko ɗaya ban taɓa ba. Ka koma ka tara matan da suka toshe hanci a ƙofata, ka buɗe ledar ga gabansu, ka nuna masu zoben da ya tsage, ka faɗi na wane ne warin. Ran da ka yi haka, aiko a ɗauke ni."

"Zoben an yar da shi bola, Inna."

"Bakinka ba a yar da shi ba."

Ya daɗe a tsugune yana kallon ledar. Daga baya ya ce to, za a duba, a bari hidimar taki ta lafa. Ya yi sallama ya tafi, ya bar burodi da atamfa, ledar ma ya so ya manta da ita sai da Atika ta bi shi da ita har bakin hanya.

Damina ta sauka, aka yi shuka, aka yi noma, aka yanke gero. Atika ta je Batsari sau ɗaya dubo jariri, ta dawo da labari. Tayil shida na kewayen masai ba su yi kala ɗaya da sauran ba, Nusaiba ta saya musu ɗan kafet ta rufe. Ɗakin Inna ya bushe, an yi masa fenti, taki na ciki lafiya lau. A bakin ƙofa kuma ta haɗu da Ramlat, wadda ta riƙe mata hannu da tausayi ta ce, "Ya jikin Inna? Tun da ta tahi gidan ya daina wari. Sannu da ƙoƙari, Allah ya ba ki ladan wankin."

Inna Uwani ta saurara har ƙarshe. Ta miƙa hannu ta ɗauki moɗa, ta cika ta daga randa, ta shanye tas, ta ƙara. Huzaifa yanzu yana rarrafe, an ce har ya fara kama bango yana miƙewa. Har yau ba a aiko ba.